Laimar Kwaɗi a Garwa

Muna yara a Pitowa, in damina ta kankama,
mukan bi gindin suri muna shurin laimar kwaɗi.
Ba wanda ya ce mana abinci ce, balle magani.
Iya Tabawa takan ce, "Wanke ƙafarka.
Abin da ya tsiro dare ɗaya ba shi da dangi."

Shekara talatin ke nan da ɗoriya.
Barci ya yi wa Iya yaji.
Tari ya kama haya a ƙirjinta, ba ya biyan kuɗin wata,
ƙwayar asibiti na aikinta, amma tafiyar hawainiya take.

Bayan masu facin taya, can kusa da babbar kasuwa,
akwai shagon wata 'yar Sin, Madam Shuwan,
wadda ta biyo masu aikin hanya ta ƙi komawa.
Fulatancinta na ɗingishi, Faransancina a kan sanda,
a haka muka haɗu a tsakiya.
Ta sauko da kwalba,
ta zaro wani abu ja, mai sheƙi kamar akushin da ya sha mai,
mai tauri kamar kofato.
"Linji," in ji ta. "A jikin mataccen itace yake rayuwa."
Ta ce kakanninta na dafa shi don numfashi,
don zuciyar da ta ƙi kwanciya,
don tsohon da ƙarfi ke zurare masa kamar gari a yagaggen buhu.
Sai ta ɗaga yatsa:
"Ban ce warkarwa ba. Kada a bar maganin likita,
kuma a tambaye shi kafin a haɗa."

Sefa dubu takwas.
Na biya, aljihuna na tsaki.

Likita ya juya shi, ya shinshina, ya ce a gwada kaɗan.
Na yanka siriri-siriri, na bar shi ya daɗe a wuta.
Ruwan ya fito kamar Binuwai a watan takwas,
ɗaci kuwa, maɗaci ma sai ya sara masa.

Iya ta kurɓa, ta yamutsa fuska,
ta ce a miƙo mata ragowar ta gani.
Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa.
Sai dariya, sai tari, sai dariya kuma.
"Sambo, wannan ka saya?
Mai kama da shi na nan a kututturen ɗorawar gonarmu,
akuya ma ba ta kallonsa."

Na ce bari in je in tsinko.
Ta kama gefen rigata.
"Zauna. Kama da wane ba wane ba ce.
A cikinsu akwai mai kai mutum kushewa.
Bar wa wadda ta san sunansu."

Ban san ko shi ne ba, ko ƙwayar, ko addu'a,
ko dariyar da ta buɗe mata ƙirji.
Daren na bakwai dai na ji minshari ta bayan zana,
na zauna ina saurare kamar mai jin labarai.

Jiya an yi ruwa.
Da safe na ga wata 'yar fara a bakin ƙofa, ta buɗe laima.
Ƙafata ta ɗaga da kanta,
na mayar da ita,
na kewaye.