Sunayen Dankali

A makarantarmu, can saman duwatsun Ayakucho,
inda gajimare ke shiga aji ba sallama,
yau kakata Teodosiya ce a gaban allo.

A ɗakin nan, tana 'yar bakwai,
ƙishi ya sa ta ce "yaku".
Malami ya durƙusar da ita kan tsakuwa
sai da ta iya roƙon ruwa da Sifaniyanci.
Har gobe gwiwarta ba ta manta darasin ba.

Ba ta taɓa alli ba.
Mayafi ta kwance, dankali ya gangaro tebur:
baƙi, ja, mai dabbare-dabbare,
da mai ƙululu da ke gagarar wuƙa.
Ɗaya bayan ɗaya take kiran sunansu da Kecuwa
kamar mai ƙirga jikoki.

Littafin gwamnati suna ɗaya ya sani.
Malama Nelida na rubutu, alli na karyewa.
A na ashirin da uku Wilbar ya ɗaga hannu:
"Zai fito a jarrabawa?"
Kaka ta yi dariya da haƙoranta huɗu:
"Yunwa ce za ta tambaye ka."

Da aka tashi ta ce in kawo mata yaku.
Da ƙarfi ta faɗa.
Amma sai da ta waiga ƙofa tukuna.