Makullin Bukka

Kwana tara albasata ba ta sha ruwa ba.
Ina tsaye a fadamar Kwalkwalawa
ganye yana kifewa ɗaya bayan ɗaya
kamar sahun da liman ya tsawaita wa sujada.

Injin ban-ruwana aka ɗauke.
Aka tsince shi a Kara, an kwance masa ciki,
aka kamo mai ɗaukar:
Zayyanu, ɗan Luba mai awara,
shekara goma sha biyar, wuya kamar na zalɓe.
Dubu ashirin da biyu ya karɓa,
ya sayi waya mai tsagaggen gilashi.

Ɗan sanda ya ce, Baba, dangwala nan,
gobe kotu, jibi gidan yari.
Har tawada ta hau babban yatsana
sai Tambari ƙanena ya faɗo mini a rai.
Akuya guda ta kai shi can.
Ya shiga ko igiya bai iya kwancewa da kyau ba,
ya fito bayan wata goma sha takwas
babu kwaɗon da ke gagararsa a Sakkwato.
Yau ko kabarinsa ban sani ba.

Na goge yatsan a gefen riga.
Matata ta wanke sau uku, tabon ya ƙi fita.

Bayan La'asar aka shimfiɗa tabarma.
Mai unguwa, liman, kawun yaron,
da wata jami'a mai littafi da biro biyu.
Luba tana bayan katanga, kukanta kawai ke halarta.
Mai unguwa ya ce,
"Wanga yaro namu na.
In munka jefa shi rijiya, mu ka shan ruwan."

Aka yanke: daga asuba zuwa hantsi yana gonata
har a tone albasa.
Da rana makaranta.
Ran Juma'a ya zo tabarma a ji yadda mako ya wuce.
Wayar, a sayar a gyara inji.

Kada a ɗauke ni waliyyi.
Kuɗina a cikin hula na koma ɓoyewa.
Na ƙirga fartanya safe da yamma.
Na ba shi fangalin da ya fi nisa da ruwa,
na zauna a inuwa ina kallon guga yana cin tafinsa,
kuma abin ya yi mini daɗi.
Sau biyu bai zo ba.
Kawunsa ya kawo shi riƙe da kunne,
'yan unguwa suna cewa, ai mun faɗa maka.

Ran nan inji ya yi tari ya mutu,
rana tsaka, bakanike yana Wamakko.
Yaron ya tsuguna bai ce mini komai ba.
Ya zare fulogi, ya busa, ya goge da bakin rigarsa,
ya san inda kowane noti yake kwana.
Ina ka koya?
Ya sunkuyar da kai. A nan. Daren nan.
Dariya ta ƙwace mini, ban shirya mata ba.
Ruwa ya taho yana gudu cikin kwalbati.

Mun tone buhu talatin da ɗaya.
Bara arba'in na samu, ban manta ba.
Jami'a ta ja layi, ta rufe littafi,
ta ce wa'adi ya cika.

Jiya zazzaɓi ya kwantar da ni.
Na miƙa masa makullin bukkar inji,
hannuna yana gardama da ni.
Ban runtsa ba.
Kafin kiran salla na ja jiki na fita,
na tsaya kan tudu, sanyin Rima yana shiga ƙashina.
Duhu ne, ba na ganin kowa.
Na kasa kunne.
Kwaɗi. Wani kare can nesa.

Sai tuf, tuf,
tuf-tuf-tuf.