Kunnen Mai Zarto

Shekara goma sha ɗaya ina saɓe da inji,
daga Burra zuwa bayan dutse, inda hanya ta gaji.
Kunnen hagu ne ya fara tafiya,
na dama ya bi shi sannu, kamar mai rakiya.
Yanzu in an yi mini sallama, baki nake kallo.

Madobiya ta fi tsada,
ita ce kuma mai jini.
Ka sa mata zarto, ta zubo maka ja a takalmi,
ka goge da ganye, ka ƙara mai.
Alhaji Barau gungume yake ƙirgawa,
ba ya tambayar shekarun itace.
Ya ce a ƙetaren teku ake kujeru da ita.
Ban taɓa ganin teku ba, balle kujerar.
Amma na rufa wa inna ɗaki da kwano,
na saya wa Kyauta takalmin makaranta.
Kada wani ya ce ban ci ba. Na ci.

Da madobiya ta ƙare muka hau maɗaci,
da maɗaci ya yi nisa muka sauka a kawo.
Ƙirya kam, masu gawayi sun riga mu.
Malamin daji ya tare mu sau uku.
Sau biyu ya karɓi na goro.
Na ukun ya zauna kan kututture, ya cire hula,
ya yi magana mai tsawo yana nuna ƙasa.
Ban ji ba. Injin a kunne yake.

Mahaifina masassaƙi ne.
Yakan zaga itace kwana uku kafin ya ɗaga gatari,
in ya hango sheƙa a sama, ya wuce.
Turmi ɗaya, wata guda.
Ni kafin azahar na kayar da tara.
A zamaninsa gwanki kan tsallake mana gona,
burtu kuwa da asuba,
gum, gum, kamar ana daka a ƙarƙashin ƙasa,
shi ke tashe mu kafin ladan.

Bara na kayar da wani tsohon maje mai kogo.
Da ƙura ta lafa, ga ƙwai guda a ƙasa,
babba, ya tsage, ƙudaje har sun iso.
Uwar na tsaye can nesa, baƙa wuluk.
Ina ganin maƙogwaronta yana hawa yana sauka.
Ban ji komai ba.
Na yanka majen gida huɗu, muka loda.

Tun daga nan nake lallashin kaina:
daji na nan da surutunsa, Ɗantani,
kunnenka ne ya mutu.

Shekaranjiya na tashi Kyauta da duhu-duhu,
na kai ta bakin rafin da ya zama yashi.
Na ce, ara mini kunnenki.
Ta rufe ido, ta daɗe.
Sai ta juyo da fuska yadda zan ga bakinta:
"Babur, Baba. Da wani inji can gabas."
Na ce, burtu fa?
Ta ce, "Wa?"

Mun dawo ba mu ce uffan ba.

A bayan ɗaki akwai ledojin ruwa arba'in
da na cika da ƙasa, na tura 'ya'yan maɗaci.
Sha tara sun tsiro. Akuyar maƙwabta ta ci bakwai.
Wanda ya fi tsayi bai kai gwiwata ba,
kuma ba zan ga inuwarsa ba, na sani.

Gobe motar Alhaji za ta tsaya a bakin kasuwa.
Har yanzu ban ce masa a'a ba.
Injin yana jingine a zaure, na wasa haƙoransa jiya,
hannu ne ya yi, ban aike shi ba.