Ƙauri

Shekara huɗu ina gasa gurasa a Kutaisi
ban san ƙamshinta ba.
Da ido nake gane ta nuna,
ran da ido ya yi yawo kuwa
Lamara ce ke ƙwalla kira daga bene:
"Nugzar, tanderunka na ƙauri!"

Likita Eteri ta zura siririyar fitila a hancina,
ta juyo mini da allon.
Ga su nan suna reto,
tamkar inabin da aka ɓare wa fata.
Ta ce, "Kowa a bayan gida yake shuka nasa,
kai ka zaɓi nan."

Ran Talata aka yi aikin.
Na ƙirga har shida, bakwai ta tafi da ni.
Na farka hanci cunkushe da auduga,
baki a bushe kamar gurasar shekaranjiya.
Mako biyu ba fyace majina,
ba sunkuyawa cikin tanderu, ba ɗaga buhu.
Ɗan ƙanwata ya riƙe shagon,
rabin abin da ya gasa kaji suka ci.

Abin da ya fara dawowa ba gurasa ba ce.
Jiƙaƙƙen kare ne, a kan gadar Rioni.
Na tsaya cikin ruwan sama ina shaƙarsa
har mai shi ya ja igiya yana hararata.
Da dare na ce wa Lamara, "Kin sake sabulu."
Ta ce, "Tun bara waccan."
Ta juya wajen bango. Ban sani ba
ko dariya take yi.

Likita ba ta ɓoye mini ba:
noma aka yi, saiwa na nan.
Shi ya sa kullum asuba, kafin in taɓa ƙullu,
ruwan gishiri ta wannan ƙofa, ya fita ta waccan,
feshi biyu dama, biyu hagu,
ƙyalle a fuska saboda garin alkama.
Da bazara aka ga ɗaya ya leƙo,
bai kai ƙwayar wake ba.
Aka ƙara magani. Muna kallon juna ni da shi.

Wani lokacin nakan bar gurasa guda
ta daɗe a jikin tanderu, da gangan,
in rufe ido, in jira.
Yau na riga Lamara.
Duk da haka ta kira, na bar ta ta kira.