Raɗar Rada

Ƙarfe uku na dare a mashigin Sogne,
duwatsu sun matse ruwa kamar maƙogwaro,
hazo ya haɗiye fitilar goshin jirgi.
Daga ni sai allon rada, sai kofin da ya huce,
sai kifi tan ɗari huɗu a ƙarƙashin ƙafata.

Sai ga ɗigo,
kore, bai fi ƙwayar riɗi ba.
Na karkata dama, ya karkato.
Na dawo, ya dawo,
kamar mai bin bashin da ya san ƙofar gida.
Na busa ƙaho sau biyar,
dutse ya maido mini biyar ɗina, ko ɗaya bai ci ba.

Na tashi kyaftin Ragnvald.
Ya hau da safa a ƙafa ɗaya, barci a ido biyu.
Allon ma kallo ɗaya ya yi masa,
ya ɗora farce kan wani siririn layi a taswira.
"Ingunn, fita ki ɗaga kai."
Can sama, inda hazo ya yage,
wayar lantarki ce ta ratsa daga dutse zuwa dutse,
muka wuce ta ƙarƙashinta,
ɗigon ya narke a tsakiyar allo.

Ya ce, "Kiranki ne ya taɓa waya ya dawo.
Rada ba ta gani, tambaya take yi,
kowa ya amsa sai ta rubuta.
Bututun hayaƙinmu ma yana amsawa,
ya ɗauko jirgin baya ya dasa miki a gaba.
In babban jirgi ya gifta kusa
za ki gan shi uku a jere, tazara ɗaya:
na farko ne mai ƙarfe,
sauran baƙin da ba su da ƙafa ne."

Na yi dariya, gwiwata na rawa.
Shi bai yi ba.
Ya juya kofina a hannu, ya daɗe.

"Wata shekara, a bakin Fedje,
na ce wa wani ɗigo, ƙarya kake.
Kwalekwale ne. Uba da ɗa, da koma.
Taku uku ya raba mu.
Har yau ina ganin hular yaron, ja."

Ya sauka. Matakala ta yi ƙara sau tara.

Ƙarfe huɗu da kwata, wani ɗigon ya fito
daidai inda bututu ya saba yi mini raɗa.
Na san shi. Kusan na rantse na san shi.
Na rage gudu,
na buɗe taga, sanyi ya mare ni,
na kasa kunne.