Ista a Bakin Injin Markaɗe

Ni ban taɓa shiga coci ba,
ban san abin da fasto ke faɗi ba,
amma shekara talatin da ɗaya
ina kan injin markaɗe a Sabon Gari,
kuma bokiti ba ya riƙe sirri.
In mangwaro ya cika 'Yankura,
zufa ta kori kowa daga ɗaki,
na san Ista na bakin ƙofa, ga bazara.

Iya Ronke ce ke fara sallama,
ranar Alhamis, kafin a ɗauke wuta,
da dafaffen baƙin wake da kwakwa.
"Tanimu, wanke injin nan sau biyu,
kada in ji ko warin attarugu."
Wai gobe Juma'a, ba nama, ba manja,
sai kunun wake mai zaƙi da ɗan kifi.
Ta taɓa sam mini a murfin kwano.
Na ɓata fuska. Daga baya na ce ta ƙara.

Mama Obiageli kuwa azumi take,
tun ranar da ta zo da toka a goshi.
Juma'ar nan sai ta bi sahu cikin rana,
ana tafe ana durƙusawa kan kwalta,
wani saurayi na jan gungume a kafaɗa.
Asabar da yamma ta turo 'ya'yanta
da agushi kwano uku, tattasai kwando,
injina ya yi ta kuka har ƙarfe tara.

Su Rifkatu Hausawa ne kamar ni,
daga Gani iyayensu suka taso.
Su ba ruwansu da toka.
Asubar Lahadi, ina fitowa masallaci,
sai mu yi kaciɓis da zumuntar mata,
zane iri ɗaya, tulu na gumza a hannu.
"Ya tashi!" in ji su. In ce, "Barkanku,"
kowa ya kama hanyarsa.
Litinin su naɗe tabarmi, su ɗau tukwane,
wai sun tafi Galili:
gindin wata ɗorawa ce a bayan gari
inda ake ci, ana waƙa, ana goyon yara.

Bana fa?

Iya Ronke ta koma Ogbomosho da ciwon gwiwa.
Jikarta na da ɗan inji a kicin,
ta ce kunun wake abincin tsofaffi ne.
Agushi yanzu a leda yake zuwa, niƙaƙƙe.
Tun Laraba manyan motoci suka cika,
rabin layinmu ya tafi gida Kudu,
kwaɗo a kan kwaɗo.
Sahun Juma'a ya koma cikin katanga,
a ƙofa ana shafa ka da ƙarfe mai ƙara.

Autan Obiageli a kwance ya yi ibada,
waya a ƙirji, igiya a kunne.
A saman shagon taya an buɗe sabon coci,
ba toka, ba tulu, sai ganga da lasifika,
kwana uku ba su bar ni na runtsa ba.
Ɗorawar nan an sare ta, an zuba shaguna.
Galilin yaran yau gidan sanyi ne
mai sayar da kaza a kwali,
a ɗau hoto kafin a ci, a tura.

Jiya da la'asar ina goge belin inji
sai ga Rifkatu, tana dogara sanda,
da zakara guda a hammata.
Da can huɗu take kawowa.
"Yanka mana, Tanimu, don ku ma ku ci."
Na wasa wuƙa, na fuskanci gabas.
Yau da azahar jikanta ya yi sallama
da langa: shinkafa, da cinya a sama.
Cinya guda cikin biyu!
Na juye, na wanke, na sa dabino bakwai,
don ba a mai da kwano haka nan.
Na ce, "Gaida Kaka. Ka ce da Babbar Sallah
ta jiƙa wakenta, injin na nan yana jira."