Hayaƙin Gidan Detman

Hayaƙi ba ya neman izini kafin ya tsallake shinge.
Shekara uku, duk Asabar ta bazara,
na gidan Detman ke shigo mana ta tagar kicin
a Sheboygan, bakin tafkin da ba a hango ƙarshensa.
Na tambaye shi sunan abin. Ya ce buratwas.
Na ce da me ake yi? Ya sosa ƙeya,
ya dubi hulata, ya ce, "Ba naka ba ne, maƙwabci."
Alade ke nan. To, kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Sai dai hanci ba ya jin wa'azi.

Bara hayaƙin ya ɗauke.
Lorna, matarsa, ta rasu tsakiyar sanyi.
Murhun ya shekara lulluɓe da leda,
ganye ya taru a kai, ya bushe, wani ya zubo.

Ni kuwa na shiga nema.
Ba dogon nan da ake ɗurawa cikin hanji ba,
wanda ake faɗaɗawa kamar ɗan faifai
a kwantar tsakanin burodi biyu.
Kanti huɗu na zaga ina ɗaga fakiti kusa da fitila,
ina bin ƙananan rubutu kamar mai duba takardar asibiti.
Wani a gaba an zana sa, a baya alade ya laɓe.
Wani na talotalo ne, fari fat, ba ko alamar maiƙo.
Yarinyar da ke jera kaya ta ce, "Gwada Milwaukee."

Awa guda a mota.
Rasmi mahauci ya saurare ni yana wasa wuƙa.
"Ban san shi ba. Kawo haɗin, in niƙa maka."

Haɗin yana gidan Detman.
Na ƙwanƙwasa, ya daɗe bai buɗe ba.
Ya fito da ɗan kati, maiƙo ya ci gefensa,
rubutun Lorna ya kwanta gefe guda kamar gero bayan iska:
gishiri, farin masoro, citta, gyaɗar ƙamshi,
da wani ganye da ban san sunansa da Hausa ba.
"Kar ka rage kitse," ya ce. "Ita ba ta ragewa."

Kafaɗar sa, kitsen rago, niƙa biyu.
Na dawo da shi cikin ƙanƙara kamar mai rakiyar magani.

Asabar. Na jira gawayi ya yi furfura.
Hansatu, 'yata, ta mulmula takwas,
ta dangwala babban yatsa a tsakiyar kowanne.
Albasa na dahuwa a gefe cikin man shanu.
Su da giya suke dafa ta, ni na zuba ruwan tuffa.
Na farko na danne shi da cokali,
kitse ya ɗiga, wuta ta miƙe tsaye,
ya koma baƙi ƙirin, cikinsa ɗanye.

"Daina danna shi!"
Detman ne, haɓarsa a kan shinge.
"Juyi ɗaya. Ja shi gefe, inda wutar ta yi laushi."
Na biyu ma bai gamsu ba.
Sai ga shi ya zagayo ta ƙofa da silifas,
riƙe da tsohon matsefin ƙarfensa
da kwalbar mastad mai ruwan ƙasa.

Na barbaɗa wa nawa yajin da ƙanwata ta aiko daga Funtuwa.
Ya kawar da kai kamar bai gani ba.

Ya gatsa nasa, ya tauna a hankali,
ruwan naman na bin wuyan hannunsa.
"Ba shi ba ne," ya ce.
Muka yi shiru. Hansatu ta dube ni.
Ya share baki da bayan hannu.
"Akwai saura?"

Iskar tafki ta juya,
ta ɗauki hayaƙin ta tsallaka da shi wancan gefen,
inda ya bar tagar kicin a buɗe.